Sauya bututun bindigar .22

Bindigar .22 ƙaramar bindiga ce ta harbin bara da ƙananan namun daji, wadda allurarta ke dukan gefen gindin harsashi maimakon tsakiyarsa. Harsashinta da aka fi sani, .22 LR, ya fito a Amurka a 1887. Ɗaya daga cikin samfuran da aka fi sauya wa bututu shi ne Ruger 10/22 na 1964, domin ƙarfe ɗaya da sukurori biyu ne ke riƙe da bututunsa.

Masu sauyawa kan sayi bututu mai kauri don harsashi ya riƙa faɗawa wuri guda. Sai dai ribar tana ga kulawa. Harsashin dalma ne da aka shafe da kaki, kuma dauɗarsa na taruwa a mazauninsa har allura ta daka bai tashi ba. Wasu maharba na cewa yawan gogewa ya fi dauɗar ɓarna, kuma da gaskiyarsu: sandar gogewa idan ta ci leɓen bakin bututu, saiti ya lalace ke nan. Amma wannan hujja ce ta a goge a hankali, ba ta hana gogewa ba. A unguwa irin Ruwais ta Jidda, kusa da Bahar Maliya, iska mai gishiri da laima kan sa wa ƙarfen da ba a shafa wa mai ba tsatsa da wuri. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta hana gyaran bindiga sai da lasisi.