Kofur Kubi Keita a Bakin Ganuwar Damagaram

A kan tudun duwatsun da ke hangen Birnin Zinder Faransawa suka gina barikinsu na farko a ƙasar Damagaram, suka raɗa masa sunan Kyaftin Cazemajou, hafsan da aka kashe a birnin ranar 5 ga Mayu, 1898. Sunan wannan Bature ya shiga littattafai, ya hau taswira. Amma baƙaƙen sojojin da suka rako shi, waɗanda suka wayi gari ba shugaba a tsakiyar ƙasar da ba su da kowa, ba kasafai ake tsayawa a kan labarinsu ba, alhali kuwa a wurinsu ne abin dubawa yake ga mai son sanin irin zumuncin da aikin soja ke ƙullawa, da abin da yakan sa mutum ya jure.

Damagaram ta wancan lokaci ba kanwar lasa ba ce. Sarki Tanimun ɗan Suleman, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri, ya jawo fataken Sahara da ke tahowa daga Turabulus ta Ghat da Agadas, ya kuma sa maƙeransa suka riƙa zuba igwa da haɗa albarushi a gida. Masana tarihin masarautar sukan ambaci bindiga wajen 6,000 da igwa kamar 40 a zamaninsa. Da ɗansa Amadu Kuren Daga ya hau gado a 1893, ya gaji wannan ƙarfi, har ya kai ga ɗaura yaƙi da Kano a zamanin Sarki Alu. Sai dai a gabas akwai abin da ke hana shi barci. A shekarar da ya hau mulki ne Rabe ya ci Barno, tsohuwar uwar ɗakin Damagaram, daga baya ya kafa zama a Dikwa, kuma ba wanda ke shakkar cewa idonsa na kan hanyoyin fatauci na yamma.

Cikin wannan hali Cazemajou ya iso Zinder a watan Afrilu 1898, daga bakin Kwara, shi da tafintansa Olive da 'yar tawagar da sojojinta na ainihi ba su kai ashirin ba. An yi masa saukar baƙo. Amma da ta bayyana cewa wurin Rabe ya nufa, fada ta ga haɗari: idan bindigar Nasara ta haɗu da rundunar Rabe, Damagaram ce za ta kasance tsakanin wuta biyu. Aka kira shi cikin Birni tare da Olive, aka kashe su, aka jefa gawarwakin a rijiya. Aka kuma kama waɗanda aka samu cikin gari daga mutanensa, har da Saje Samba Tarawore, babban sojan tawagar, da Badiye Jara, tafinta baƙar fata.

Su wane ne waɗannan sojoji? Faransawa na kiran su tirayar na Senegal, rundunar da Gwamna Faidherbe ya kafa a 1857, amma sunayen Keita da Tarawore da Jara sun isa shaida cewa daga ƙasashen Bambara da Malinke suka fito, wato Mali ta yau da kewayenta. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika wannan runduna a ƙarni na 19 bayi ne da aka fanso daga iyayengijinsu aka sa musu kaki, ko kamammun yaƙi, ko samarin da yaƙe-yaƙen Samori da na zuriyar Alhaji Umaru suka raba da garuruwansu. Mutum irin wannan ba shi da dangin da zai koma wa cikin sauƙi. Wanda suke cin tuwo a ƙwarya ɗaya, suke karɓa-karɓar gadi da dare, wanda ya taɓa ɗaukar masa bindiga ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, shi ne ɗan'uwansa.

Da labari ya iso sansanin da ke wajen ganuwa, mafi girman muƙami da ya rage shi ne kofur, Kubi Keita. Hanya mafi sauƙi a gabansa ita ce ya tattara mutanensa su sulale cikin dare tun ba a kewaye su ba. Turawan da ke ba da umurni sun mutu, ba mai tuhumarsa, ba kuma wanda zai ga laifinsa. Bai yi haka ba. Kamar yadda rahotannin Faransawa suka kawo, sai ya sa aka ƙarfafa sansanin, ya tare hare-haren da aka kawo musu, ya kuma aika wa Sarki cewa a saki 'yan'uwansu ko kuwa wuta ta ci gari. Da aka yi biris da shi, mutanensa suka fara cinna wa bukkokin bayan ganuwa wuta. A ƙarshe aka saki Samba Tarawore da abokan ɗaurinsa.

Ba tsoron mutum goma sha wani abu ne kaɗai ya sa mai igwa arba'in ya sassauta ba. Bindigoginsu na zamani ne, masu ɗura harsashi ta baya, suna cin nesa fiye da bindigar toka, kuma sarkin da ke cikin yaƙi da Kano ba ya son zubar da barade a banza. Bayan haka yana da wata bukata gare su. Horarrun 'yan bindiga dukiya ce a wancan zamani, don haka ya yi musu tayin su shiga rundunarsa, ga muƙami, ga kyauta. Suka ƙi.

Marubutan mulkin mallaka sun yi ta yayata wannan ƙi a matsayin shaidar ƙaunar baƙin soja ga tutar Faransa, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda wanda ya riƙe alƙalami shi ke zaɓen ma'ana. Amma mai duban tsanaki zai lura cewa abin da Kubi Keita ya tsaya a kai, har ya sa ransa a kasada, shi ne a sako masa mutanensa masu rai. Kuma tayin Sarki, duk daɗinsa, ma'anarsa su zauna a Damagaram har mutuwa, a raba su cikin rundunar wasu, su manta da hanyar gida. Suka zaɓi su koma tare.

Bayan kimanin kwana goma na tsayuwa, suka fice cikin dare a tsakiyar Mayu, suka fuskanci yamma. Tsakanin Zinder da bakin Kwara ya fi kilomita 600 ko da a miƙe ne, balle ga mai kauce wa garuruwa. Lokacin bazara ne, rana na dukan ƙasa, rijiyoyi sun ja baya, damina ba ta kankama ba. Akwai masu rauni a cikinsu, harsashi kuwa ƙidayayye ne, wanda aka harba ba ya da madadi. Sai cikin watan Yuli suka isa wuraren da sojan Faransa yake a bakin kogin, bayan tafiyar fiye da kwana hamsin. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, suna nufin ziyara. Waɗannan kuwa da ƙafar suka ɗauki juna har suka fita.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutanen da ke harbin su daga kan ganuwa kusan irinsu ne. 'Yan bindigar Damagaram galibi bayin sarki ne, waɗanda aka kamo daga ƙasashen kudu ko aka haifa a gidan sarauta, aka raba su ƙarƙashin manyan bayi da hakimai. Su ma fada ce uwa da uba a gare su, abokin sahu kuma shi ne dangi. A ɓangarorin biyu duka, masu mulki sun gane abu guda: wanda aka yanke daga tushensa ya fi riƙo da ƙungiyar da aka dasa shi a ciki. Da wannan riƙo Tanimun ya faɗaɗa ƙasarsa, da irinsa Faransa ta ci Sudan ta yamma, da kuɗi kaɗan da Turawa ƙalilan.

Wannan zumunci ba ya tantance alheri da sharri, kuma ba a yi shekara guda ba aka ga haka. Labarin da su Kubi Keita suka kai ya ba Faransa hujjar ɗaukar fansa a kan Zinder. A farkon 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine ta taso daga bakin Kwara ta nufi Tafkin Cadi, cike da sojoji 'yan ƙasashen da su Kubi suka fito. Hannuwan waɗannan sojoji ne suka ƙone garuruwa, suka yaƙi Sarauniya a Lugu, suka yi kisan gillar Birnin Ƙonni a watan Mayu. Haɗin kan da ya ceci Samba Tarawore shi ne ya sa sahu bai watse ba ana wannan ta'asa. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsa ta aiko ya karɓe ragama, sannan ya shaida wa mutanensa cewa ya rabu da Faransa, zai kafa daularsa. A nan sojojin suka ja daga. Sun bi shi cikin zubar da jini wata shida, amma da suka fahimci ba za su sake ganin gida ba, sai sajojinsu suka haɗa baki. Aka harbe Chanoine ranar 16 ga Yuli, Voulet kuma washegari.

Ragowar rundunar, ƙarƙashin Pallier da Joalland da Meynier, ta ci gaba zuwa Damagaram. A ƙarshen Yuli aka gwabza a Tirmini, yamma da Zinder, inda dawaki da bindigar toka suka kasa jure ruwan harsashi. Kuren Daga ya bar Birni da waɗanda suka ƙi rabuwa da shi, aka bi sawunsu har Rumji, aka kashe shi a watan Satumba. Mutanen da suka tsaya tare da sarkinsu bayan an ci garinsa, lokacin da ba sauran riga ko doki da zai ba su, ba wani rahoton soja da ya tsaya yabon su kamar yadda aka yabi Kubi Keita. Faransawa suka naɗa ɗan'uwansa Amadu ɗan Basa, suka tono ƙasusuwan Cazemajou da Olive daga rijiya suka binne su da faretin girmamawa, sannan aka fara ɗora tubalin bariki a kan dutse.