Ɗariƙa

ɗariƙa (suna, mace, jam'i: ɗariƙu). Daga Larabci, asalin ma'anarta hanya.

1. Tafarkin tarbiyyar zuciya na Sufaye, wanda muridi ke karɓa a hannun shehi ko muƙaddami, tare da wuridin da zai lazimta safe da yamma. A Kano biyu suka fi ƙarfi. Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, ita ce ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Cibiyarta na Kabara, gidan Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Tijjaniyya ta Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ta yi jijiya sosai cikin 'yan kasuwar Kurmi da unguwannin bakin Jakara, irin su Zangon Barebari da Koki, musamman bayan zuwan Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha. Wanda ya ratsa lungunan nan da yammacin Juma'a zai ji zikiri yana tashi daga zawiyoyi, abin da sanyaya zuciya.

*Allah gafarta Malam, a hannun wa kuka karɓi ɗariƙa?*

2. Rukuni cikin Kiristanci: *ɗariƙar Katolika.*

Kuskure ne a haɗa ta da mazhaba. A Kano, Baƙadire da Batijjane duk Malikiyya suke bi. Izala kuwa, da aka kafa a Jos a 1978, ƙungiya ce.