Ɓatan Tikiti da Tarar Jirgin Ƙasa: Waiwaye Kan Matafiyan Ƙasar Anka a Layin Zariya Zuwa Ƙauran Namoda

1.0 Gabatarwa

Galibin manazartan da suka yi rubutu a kan tarihin jirgin ƙasa a Arewacin Nijeriya sun fi mayar da hankali ga gyaɗa da auduga da fatu, watau kayan da aka shimfiɗa dogon dominsu. A cikin wannan maƙala za mu karkata ga fasinja, musamman talakan da ya fito daga Anka ko Gummi ko Bukkuyum, ya sayi tikiti da guminsa, sa'an nan tikitin ya salwanta kafin ya sauka. Za mu duba asalin ƙa'idar da ke sa a ci shi tara, da kuma inda zai iya kai kukansa.

2.0 Zuwan Dogo Ƙasar Zamfara

Dogon da aka faro daga Baro ya iso Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe shi da na Ikko a ƙarƙashin ma'aikata guda ta gwamnati. Daga bisani aka fitar da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Dogon bai taɓa shiga Anka ba, ko da yake nan ne mazaunin Sarkin Zamfara, balle Gummi da Bukkuyum da ke can yamma. Saboda haka duk mai niyyar Zariya ko Kano ko Kurmi daga wannan yanki sai ya fara isa Gusau tukuna, da fari a ƙafa ko bisa jaki, daga baya a motar lori. Ke nan mutumin Gummi yakan iso tasha ya riga ya ci wani kaso na guzurinsa, ya kuma baro duk wanda ya san shi. Wannan nisa shi ne tushen matsalar da za mu bayyana a gaba.

3.0 Tikiti da Nauyin Hujja

Ɗan guntun kwalin nan mai lamba wanda aka daɗe ana sayar wa fasinjoji, wani Bature ne mai suna Thomas Edmondson ya ƙago shi a Ingila wajen ƙarshen shekarun 1830. Lamba da kwanan wata da sunayen tashoshi ke jikinsa, ba sunan mai shi. Don haka duk wanda ya tsinta ya mallaka, wanda ya yar kuwa ba shi da abin da zai nuna cewa ya taɓa biya.

A 1889 Majalisar Ingila ta yi doka wadda ta wajabta wa fasinja ɗayan abu uku in ma'aikaci ya tambaye shi: ko ya nuna tikiti, ko ya biya kuɗin tafiya tun daga inda ya taso, ko ya ba da sunansa da adireshinsa. A kan irin wannan tunani aka gina aikin reluwe a ƙasashen da Ingila ta mallaka, har da tamu. Hikimar a fili take, domin mai duba tikiti ba ya iya rarrabe mai gaskiya da maƙaryaci a cikin tarago, kuma da za a karɓi uzurin kowa da babu mai sayen tikiti.

Amma a nan ne ƙa'idar ta yi karo da abin da mutanenmu suka saba. A gaban alƙali, bisa mazhabar Malikiyya, mai da'awa ne ke kawo shaidu, wanda ya musanta kuma a ba shi rantsuwa. Bazamfaren da aka ce bai biya ba zai zaci cewa mai zargin ne zai kawo hujja, shi kuwa ya dafa Alƙur'ani ko ya kira abokan tafiyarsa biyu, magana ta ƙare. A cikin jirgi sai ya tarar an juya lamarin: rantsuwa ba ta aiki, shaidar baki ba ta maye gurbin kwali. Abin da ya fi kusa da wannan a rayuwarsa shi ne takardar haraji da ta jangali, waɗanda su ma sun koya wa talaka cewa wanda ya rasa takarda yana iya biya sau biyu. Daɗin daɗawa, da Ingilishi aka buga tikitin, alhali karatun mafi yawan matafiyan na allo da ajami ne.

4.0 Ina Za a Kai Kuka?

A ɗauka wani falke ne daga Anka ya shiga jirgi a Gusau, kafin Funtuwa tikiti ya faɗi a cikin turereniya. In ya sake biya, jarinsa ya ragu. In ba shi da kuɗi, zai fuskanci saukewa a tashar da bai san kowa ba, ko a miƙa shi ga 'yan sanda. Zaɓi na uku da dokar Ingila ta tanada, watau ba da adireshi, ya fi dacewa da mai lambar gida da akwatin gidan waya. Adireshin falkenmu shi ne sunan mahaifinsa da na mai unguwarsa.

Tsanin da ya sani na kai ƙara ya faro ne daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har gaban Sarki ko alƙali. To amma reluwe ba ta ƙarƙashin En'e. Ma'aikata ce ta gwamnatin tsakiya, hedkwatarta tana Ebute Metta a Ikko, babban ofishinta mafi kusa kuma yana Zariya. Ko Sarkin Zamfara da kansa ba shi da ikon umartar shugaban tasha ya mayar da sisi. Abin da ya rage shi ne rubuta takardar koke da Ingilishi, sai an biya marubucin wasiƙa, an sayi kan sarki, an zauna jiran amsa. Idan aka lissafa wannan da kuɗin komawa Gusau, sau da yawa neman hakkin ya fi tarar tsada. A ganinmu wannan ne ya sa haƙuri ya zama mafita, ba don mutane sun yarda an yi musu adalci ba.

Kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955 ya sauya tsarin gudanarwa, amma koke ya ci gaba da komawa hannun hukumar da ake kuka da ita. Sai a 1975, zamanin Janar Murtala Muhammed, aka kafa Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda ta ba talaka wata ƙofa ta daban, ba tare da biyan kuɗi ba. Sai dai ta zo ne a daidai lokacin da motoci suka fara ƙwace fasinjoji. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar jiragen daga 1979 zuwa 1982, duk da haka harkar ta ci gaba da ja da baya, reshen Ƙauran Namoda kuma ya yi rauni ƙwarai.

5.0 Abin da Ya Biyo Baya

A Ingila kanta sai da aka yi gyara. Ƙa'idojin 2018 sun tanadi matakai uku na ɗaukaka ƙara, na ƙarshen a gaban kwamiti mai zaman kansa, kuma fasinja yana da kwana 21 na shigar da kokensa. A 2023 aka ɗaga tarar zuwa fam 100 ban da kuɗin tafiya, amma tana komawa fam 50 ga wanda ya biya cikin kwana 21. Darasin shi ne, tsananta tara da buɗe ƙofar ƙara tare suke tafiya.

A gida kuwa, an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, aka kuma shigo da sayar da tikiti ta intanet a 2021. Tunda sunan fasinja yana cikin rajista, ɓatan takarda bai kamata ya zama ɓatan hujja ba. Aibin kwalin Edmondson ke nan aka toshe bayan shekara fiye da 180.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa wahalar matafiyin Anka ta samo asali ne daga abubuwa uku: tikiti marar suna, ƙa'idar da ta ɗora masa nauyin hujja, da nisan wurin kai ƙara. Fasaha ta magance na farko, na ukun kuwa yana nan. Don haka muna ba da shawara cewa duk ranar da jirgin fasinja ya dawo da ƙarfinsa a layin Gusau, a rubuta ƙa'idar tara da Hausa, boko da ajami, a kafe a tasha. A ba da rasit ga duk tarar da aka karɓa. A kuma tanadi mai sauraron koke wanda ba ya cikin masu cin tarar, a wurin da mutumin Bukkuyum zai iya zuwa ya komo gida a yini guda.