Daga Mangalar Jaki Zuwa Tirela: Tarihin Dakon Amfanin Gona



Duk ƙungiyar da ta tara kuɗi domin sayen tarakta, a kan taraktar ake doguwar muhawara: wace iri ce, ƙarfin doki nawa gare ta, sabuwa ce ko ta hannu. Tirelar da za a ɗaura mata kuwa sai a ƙarshe ake tunawa da ita, a ce a ba mai walda ya haɗa da canjin da ya rage. Alhali tarihin nomanmu ya nuna cewa asara mai yawa tsakanin gona da kasuwa take faruwa. Shi ya sa ya dace mu waiwayi yadda magabata suka yi da maganar dako.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, kaya a ka, a bayan jaki, takarkari ko raƙumi suke tafiya. Ɗan dako da gammonsa yakan ɗauki kimanin kilo 30, jaki da mangala ya ɗauki ninkin haka, raƙumi kuma ya fi su duka. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro yakan yi watanni a hanya, madugu na gaba, ana sauka zango-zango. Saboda tsadar dakon, kayan da ke da daraja ba nauyi su ake kaiwa nesa, irin su goro, kanwa, fata da tufafi. Hatsi da harawa ba sa nisa da inda aka noma su, don kuɗin kai su ya fi kuɗinsu.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka fara jigila sosai a 1912. Turawan Ingila auduga suka sa a gaba. Ƙungiyar BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta gina gidan gurzar auduga a Zariya, daga baya a Funtua da Gusau. A nan ake raba auduga da angurya, a matse ta da inji ta zama dila mai nauyin kusan kilo 180. Dalilin matsewar shi ne auduga ba ta da nauyi amma tana cin wuri, tarago zai cika tun bai ɗauki rabin abin da zai iya ba. Wannan ita ce matsalar da mai dakon dilolin ciyawa yake fama da ita har gobe.

Manoman Kano kuwa gyaɗa suka zaɓa, domin ta fi kuɗi kuma ana cinta idan kasuwa ta faɗi. Alhassan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro, ya zama babban mai sayen gyaɗa, kuma da sunansa ake tuna dalar gyaɗa. Muna alfahari da hotunan dalar nan, amma akwai abin lura a cikinsu. Bayan yaƙin duniya na biyu, jirgin ƙasa ya rasa isassun taragai da injuna, gyaɗar bara ta tarar da ta bana a fili, ƙwari suka yi ta ɓarna. Wato tsayin dala shaida ce ta albarkar noma, kuma shaida ce ta ƙarancin abin ɗauka.

A 1928 Ma'aikatar Gona ta fara shirin noma da shanu a Arewa, inda ake ba manomi bashin bijimai biyu da garma. Sannu a hankali amalanke ta biyo baya, ta zama tirelar talaka ta farko. Da ita ake kai taki gona, a kwaso dammunan dawa, kara da harawa. Ta karɓu saboda kafinta da maƙerin gari suna iya gyara ta, kuma abincin injinta a gonar yake. A nan Kudu ba ta yi tasiri ba, domin ƙudan tsando da cutar sammore ba sa barin shanun Arewa su daɗe. Saboda haka kakanninmu da suka zauna a Sabon Ibadan, wanda aka kafa a 1916, da masu harkar goro a Shagamu, jirgin ƙasa da mota suka dogara da su tun farko.

Ita tirela a Amurka ta samo asali. A 1914 wani maƙeri a birnin Detroit mai suna August Fruehauf ya ƙera wa wani ɗan kasuwar katako keken ja da za a ɗaura wa mota don ɗaukar kwalekwale. Gaban keken ba shi da taya, a kan bayan motar yake zaune. Daga wannan dabara aka samu manyan tirelolin da muke gani jere a Ogere. A ɓangaren gona kuma, Harry Ferguson ya fito da ƙaramar taraktarsa TE20 a 1946, tare da tirela mai gatari ɗaya a can baya, yadda wani kaso na nauyin kaya zai sauka a kan tayoyin bayan tarakta ya ƙara musu riƙon ƙasa. Da haka ƙaramar tarakta take jan tan 3 ba tare da tana sulɓi ba.

Amma inji kaɗai bai taɓa wadatarwa ba. A 1949 aka buɗe babban aikin noma na Mokwa da taraktoci, aka ba kowane manomi fili mai faɗi. Tarakta ta yi huɗa, amma noman ciyawa da girbi suka rage a hannun mutum da fartanyarsa, filin ya fi ƙarfin iyali. Injuna suka yi ta lalacewa, kayan gyara na nesa. A 1954 kamfanin da ya zuba jari ya janye. An sayi abin da zai yi aiki ɗaya, an manta da sauran ayyukan da ke biye da shi.

A shekarun 1970 kuɗin mai ya shigo. Aka kafa ayyukan raya noma na Funtua, Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, suka gina hanyoyin karkara. Aka kafa kamfanin Steyr a Bauchi yana haɗa tarakta da manyan motoci. Aka ƙaddamar da shirin Ciyar da Ƙasa a 1976, aka buɗe babbar hanyar Legas zuwa Ibadan a 1978. A daidai lokacin jirgin ƙasa yana ja da baya, kaya suka koma kan kwalta. Jihohi suka buɗe ofisoshin hayar tarakta, da yawansu suka zama maƙabartar injuna saboda rashin gyara. Abin da ya rayu shi ne wanda masu walda irin na Panteka a Kaduna za su iya ƙerawa da gatarin tsohuwar mota, su kuma gyara shi idan ya karye.

To, me ƙungiyar da ke shirin saye za ta ɗauka daga wannan tarihi?

Na farko, a fara da kayan, kafin a je ga tirelar. Dilolin ciyawa da harawa kamar auduga suke, wuri suke ci. Suna son shimfiɗa doguwa mai faɗi, da katanga gaba da baya, da wuraren ɗaure igiya. Haɗarinsu tsayi ne: idan aka jibga su sama, kwana ɗaya ko gangara ta isa ta kifar da komai. Injin casar shinkafa ko tarakta kuwa nauyinsu a wuri ɗaya yake taruwa. Suna son shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa mai ƙarfe mai kauri, da matakalar hawa, da sarƙa a kusurwa huɗu. Igiyar da ta riƙe harawa ba za ta riƙe inji ba.

Na biyu, a auna tirela da abin da zai ja ta. Tarakta mai ƙarfin doki 75, irin wadda ta fi yawa a wurinmu, an fi haɗa ta da tirelar tan 5. Kayan da suka fi taraktar nauyi, in babu birki a tirelar, su ne ke tura ta a gangara. Mai gatari ɗaya ta fi riƙe ƙasa da sauƙin komawa baya. Mai taya huɗu da gatarin gaba mai juyawa tana ɗaukar nauyinta da kanta, amma tana wahalar da direba a ƙuntataccen wuri.

Na uku, a duba ƙasar da za a yi aiki. Damina a Kudu doguwa ce, ƙasa na riƙe ruwa. Siririyar taya nutsewa take yi, daɓen katako yana ruɓewa, ƙarfen da ba fenti yana tsatsa. Abin da ya yi shekara goma a Katsina zai iya gajiya da wuri a Ogun.

Na huɗu, a tambayi inda ake samun taya, boris da sifirin kafin a biya. Darasin Mokwa ke nan. Kuma tirelar da za ta hau kwalta da dare dole ta samu fitila da abin ƙyalli a baya, domin rayukan mutane ne a kan hanyar.

Kuɗin ƙungiya amana ce, a ciki akwai gumin mai shayi, mai facin taya da mai tura baro. Araha ba ta ado. A tafi da direba da makanike wurin ciniki, a leƙa ƙarƙashin tirelar a duba walda da gatari, a rubuta wanda zai kula da ita da inda kuɗin gyara zai fito.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare direbobinmu a hanya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.