Zabira da Salsala: Bin Sawun Masu Magani na Ƙarni na 19 a Ƙasar Ruma da Safana

Ba'amurken da ke neman asalin kakansa, likitan ƙauye na ƙarni na 19, ba ya rasa madafa. Tun daga ƙidayar 1850 hukuma ke rubuta sunan kowane ɗa a gida, da shekarunsa da jihar haihuwarsa da sana'ar mazan gidan (bayi kam sai dai a lissafa su ƙarƙashin sunan iyayengijinsu). Ga littafin da likitan ke rubuta bashin majinyata, ga dutsen kabari mai ɗauke da shekara. Manazarci a Batsari ko Safana ba zai sami irin waɗannan ba, shi ya sa wasu ke saurin cewa wanzaman da maɗoran wancan zamani sun tafi da tarihinsu. A ganina kuskure ne. Salsalarsu tana nan, sai dai a cikin sana'ar aka adana ta.

Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, kuma sarakunan Haɓe suka je suka kafu a Maraɗi, yammacin ƙasar ya zama bakin daga. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Kurfi da Zakka a 1853 zai nufi Zurmi, garuruwa masu ganuwa ya tarar, mutanensu na zaman ɗar-ɗar saboda hari. Ƙasar da ake harbi da kibiya mai dafi, ake faɗowa daga doki, dole ta riƙe maɗori da mai maganin dafi. Amma wa ake tunawa? Sunan jarumi Ɗan Waire na Ruma har yau yana bakin jama'a. Wanda ya ɗaure wa dakarunsa karaya kuwa, sai dai a nemi labarinsa a gidan jikokinsa.

Rubutattun madogara ba su cike wannan giɓi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basur, Muhammadu Tukur na Zamfara ma ya bar littattafan magani. Wannan layin malamai ne, masu ijaza da jerin shehunai. Rahotannin haraji na Turawa da ke ajiye a Kaduna kuwa adadin masu sana'a suka fi damuwa da shi, don kuɗi ake nema ba sunaye ba. Alhali binciken Murray Last da Lewis Wall a yankin Malumfashi ya nuna cewa galibin jinyar mutanen karkara a hannun waɗanda ba su bar takarda ba take.

To, a duba wanzami ranar suna. Da sassafe zai iso da zabirarsa a rataye, ya shimfiɗa buzu, ya wasa aska, ya yi wa jariri askin fari, ya cire masa beli, in gidan masu tsaga ne ya yi masa irin ta ubansa. Ba ya tambaya wace iri zai yi. Ya riga ya sani, domin ubansa ne ya yi wa uban yaron. Nan muhimmin abu yake. Wanzami ba aska da ƙaho kaɗai yake gada ba, har da gidajen da yake wa aiki. Idan ya ce "a gidanmu na tarar", akwai gidaje da dama a garin da za su iya gaskata shi ko su ƙaryata shi. Saboda haka mai bincike ya fara daga gidajen da ake wa aski, ya tambayi dattawa wa ya yi musu kaciya, wa ya yi wa iyayensu, sannan ya gwama da abin da gidan wanzamai suka faɗa. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya yi ƙarni yana rubuta asalin wasu a kumatunsu shi ne aka ce ba shi da tarihi.

Hanyar tana da ramuka. Jerin kakanni na baka yakan tsuke: a ambaci wanda ya kafa gida, a tsallake biyu ko uku, a faɗo kan kakan da aka gani da ido. Kusan kowane gida kuma yana son asalinsa ya fito daga Barno ko Gobir. Maganin tsukewar shi ne a ɗaure kowane suna da abin da aka san shekararsa: zuwan Nasara a 1903, naɗin Sarkin Katsina Dikko a 1906, yunwar Kakalaba ta 1914. Wanda aka ce da gemunsa lokacin Kakalaba, to da alama a ƙarni na 19 ya koyi riƙon aska.

Rami mafi zurfi shi ne kalmar "ɗa". A gidan sana'a, bara ko bawa ko agolan da ya iya aiki yakan gaji zabira, bayan zuriya biyu kuma ba mai tuna bambancin. Wannan bai rushe salsalar ba, ya dai nuna cewa ta hannu ce kafin ta zama ta jini. Haka nan lissafin da ke bin uba kaɗai yana zubar da unguwarzoma, wadda takan karɓi sani daga uwa ko kaka ko uwar miji, ta tafi da shi garin da aure ya kai ta. Sassaƙe da saiwar da ake jiƙa wa mai jego a Runka, mai yiwuwa da kayan wata amarya suka iso daga Ruma.

Duk wannan aiki yana buƙatar a sami gidan wanzami da gidajen da yake wa aski a gari guda. Hare-haren 'yan bindiga daga Dajin Rugu sun watsa ƙauyuka da yawa a 'yan shekarun nan. Wanzami na cikin garin Batsari, tsofaffin da za su shaide shi wasu na Dutsin-Ma, wasu na Katsina a gidajen 'yan'uwa.