Amsoshin Takardunku: Fim Ɗin Sarauniya Da Ƙone Birnin Ƙonni

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Illela, daga hannun wani ɗan kasuwar albasa. Ya ce ran Lahadi an yi gardama a rumfarsu a kan wani tsohon fim mai suna Sarauniya, wanda wani yaro ya tura masu a waya. Wasu sun ce tatsuniya ce, wasu sun ce an ci mutuncin Sakkwato a ciki. Yana tambaya, shin abin ya faru kuwa? Kuma ya dace ya bar 'ya'yansa su kalla?

To Alhaji, mun gode da wannan takarda. Bari mu fara da abin da ya faru, sa'an nan mu zo kan fim.

A shekarar 1898 Faransa ta tura rundunar soja daga yamma, ta ce su bi ƙasa har Tafkin Chadi. Shugabanninta su ne Kyaftin Voulet da mataimakinsa Chanoine, wanda ubansa janar ne da ya taɓa riƙe ministan yaƙi. Turawan cikinsu ba su kai goma ba, sauran duk baƙar fata ne, sojoji da 'yan dako da aka tilasta. Ba su da isasshen guzuri, saboda haka duk garin da suka sauka sai su kwashe hatsi da dabbobi, wanda ya yi gardama a kashe shi a sa wa garin wuta.

A watan Afrilu na 1899 suka isa Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi. Nan ne Sarauniya Mangu, shugabar Azna, ta tsaya da maharbanta. An gwabza, ta kashe masu sojoji, daga baya ta janye da mutanenta cikin kurmi. A watan Mayu kuwa sai ga su a Birnin Ƙonni, wanda daga Illela tafiyar 'yan mintoci ce a babur. Sun ƙone birnin, sun kashe mutane masu ɗimbin yawa, maza da mata da yara. Masana tarihi na lissafa wannan cikin mafi munin ta'asar da aka yi a mulkin mallakar Faransa.

Ga wani abu da ya shafe ku kai tsaye. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a watan Yunin 1898, an ja da'ira ta mil 100 kewaye da Sakkwato aka ce rabon Ingila ne. Ke nan a takarda Ƙonni ma tana ciki. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 sa'an nan iyaka ta dawo inda kuke ganinta, ta bar Illela a nan, Ƙonni a can. Waɗanda aka kashe ɗin kakannin surukanku ne da abokan cinikinku.

Ramin mugunta kuwa, an ce a gina shi gajere. Labari ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ran 14 ga Yuli 1899, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a yi kwana huɗu ba sojojinsu suka juya masu, suka kashe Chanoine da Voulet duka.

Yanzu sai fim. Wani marubucin Nijar, Abdoulaye Mamani, ya fitar da littafi a kan Sarauniya a 1980. Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986. Da farko a Nijar aka shirya ɗauka, zamanin Janar Seyni Kountche, amma gwamnati ta janye hannunta, masu sharhi da dama kuma na ganin gudun ɓata wa Faransa rai ne. Burkina Faso ta Thomas Sankara ce ta buɗe masa ƙofa. Shi ya sa, Alhaji, ka ji mutanen cikin fim ba Hausa suke yi ba, Julanci ne da Fillanci da Faransanci. A 1987 ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu, amma a Faransa gidajen silima kaɗan ne suka nuna shi, kuma bai daɗe ba aka sauke.

Abin da silima ta ƙi ɗauka, kaset ya ɗauka. Ni kaina ina yaro na fara ganinsa, a gidan wani maƙwabcinmu mai bidiyo da janareta, a kaset ɗin da aka kwafa aka sake kwafa har fuskoki suka dushe. Wani dattijo da ya yi zaman Abijan shi ke fassara mana, inda ya kakare kuma ya ƙara nasa. Kaset ya wuce, faifan CD ya zo, ga shi yau a waya. To amma a kula, kwafen da ke yawo sau da yawa guntu ne, an yanke farko ko ƙarshe, ba fassara. Wanda ya ga minti goma bai kamata ya yanke hukunci a kan fim na awa biyu ba.

Batun Sakkwato kuwa, gaskiya ne fim ɗin ya nuna wasu sarakunan Musulmi suna gaba da Sarauniya, sun ƙi kai mata ɗauki. Tsakanin Azna da Daular Usmaniyya dama akwai tsohuwar jiƙaƙƙa. Amma maganganun da aka sa a bakin sarakunan nan marubuci ne ya tsara su, ba wanda ya ɗauki muryarsu. Kuma fim ɗin ya tsaya ne a 1899. Bai kai 1903 ba, lokacin da Sakkwatawa suka tari Turawan Ingila a Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi. Wanda ya ɗauka daga fim ɗin cewa Sakkwato ta miƙa wuya ba faɗa, ya yi kuskure.

Shawarata, Alhaji, manyan yaranka su kalla, amma kana zaune tare da su, domin akwai kisa da abubuwan da ba su dace da ƙanana ba. Ka nuna masu inda tarihi yake da inda wasa yake. Ran Laraba kuma in za ka cin kasuwar Ƙonni, ka tafi da babban cikinsu, ku zauna wurin dattawa ku ji abin da kakanninsu suka faɗa masu. Wanda ya ji wani abu daga bakin tsofaffi ya rubuto mana, za mu karanta.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.