Ƙiba da Sikeli a Ƙasar Adar

A ƙasar Adar, wato yankin Madawa da Buza da Keita, an daɗe ana ɗaukar ƙiba shaidar wadata, domin a wurin da rumbu kan ƙare kafin kaka, cikar jikin mace na nuna cewa maigida yana riƙe da gidansa, rama kuwa ana danganta ta da ciwo ko ɓacin rai. Larabawan Azawak na arewacin Tawa sun kai al'adar matuƙa, don suna fara ɗura wa yarinya nono da kunun gero tun tana famfara, kamar yadda Rebecca Popenoe ta bayyana a littafinta na 2004.

Biyan kuɗi don rage ƙiba baƙon abu ne da ya bunƙasa a Amurka, inda Jean Nidetch ta kafa Weight Watchers a 1963, masu shiga suna biya duk mako a auna su. Ga mai rage ƙiba, saurin raguwar nauyi a makonnin farko yawancinsa ruwa ne, wanda jiki ke saki idan ya ƙone sukarin da ya adana a hanta da tsoka, shi ya sa daga baya sikeli kan tsaya cik, gwiwa ta yi sanyi.

Abin tausayi, sikelin da ƙauyukan Adar suka fi sani na rataya jarirai ne, musamman a yunwar 2005, lokacin da uwaye suka yi layi a cibiyoyin kula da tamowa suna fatan nauyi ya ƙaru. A birane irin su Tawa da Maraɗi kuwa, hawan jini da ciwon sukari sun sa likitoci suna cewa a rage mai da zaƙi.